Tsagaggen Ganye: Ɗan Ma'aikacin Da Ke Mai Da Gungume Taki A Daji

Da zarar ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙa, duk wanda ya leƙa bayan ɗaki inda aka jibge itacen girki, ko kuwa ya ratsa ta gefen daji inda guguwa ta kayar da wata bishiya, yana iya cin karo da waɗansu 'yan abubuwa farare da suka fito jere a jikin ɓawo, sai ka ce an liƙa ƙananan mafitai. Babba daga cikinsu da kyar yake wuce santimita 4 a faɗi, ba su da kara, bayansu kuma gashi-gashi ne kamar audugar da ta sha ƙura. Uwargida takan sa wuƙa ta kankare su ta tura itacen cikin murhu, mai saran itace kuwa ko kallo ba su ishe shi ba. Amma da a ce wannan ɗan abu da danginsa za su daina aiki, da dazuka masu yawa sun cika da gungumen da ba ya ruɓewa, ƙasar da ke ƙarƙashinsu kuma ta rame, ta kasa ciyar da sababbin itatuwa.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Elias Fries shi ne ya raɗa masa sunan da masana ke kiransa da shi har yau, watau Schizophyllum commune, a cikin shekarar 1815. Kalmar farko daga harshen Girka aka samo ta, ma'anarta kuwa tsagaggen ganye. Ta biyu ta Latin ce, tana nufin abin da ya zama gama-gari. Duka kalmomin biyu sun dace da shi. Idan aka juya cikinsa za a ga waɗansu siraran layuka sun taso daga gindi sun bazu kamar haƙoran mataji, kowane layi kuma a tsage yake biyu daga sama har ƙasa. Game da zamansa gama-gari kuwa, an same shi a kowace nahiya ta duniya in ban da Antatika, inda babu itacen da zai hau. Yana nan a kurmin Kwango, yana nan a dazukan Kanada masu ƙanƙara, yana kuma nan a kan gungumen da ke kwance a dazukan Nijeriya.

Ba tsiro ba ne, ba kuwa dabba ba

Tsagaggen ganye ɗan uwan laimar kwaɗi ne da naman kaza, dangi ne kuma ga funfunar da takan rufe tuwon da ya kwana biyu, da kuma yis ɗin da ke kumbura burodi. An daɗe ana lissafa wannan dangi cikin tsire-tsire, saboda ba sa tafiya, daga ƙasa ko itace kuma suke fitowa. Sai a cikin 1969 wani masani Ba'amurke, Robert Whittaker, ya fitar da tsarin da ya keɓe musu rukuninsu na kansu, binciken da aka yi daga baya kuma ya nuna cewa sun fi kusa da dabbobi bisa ga tsire-tsire. Dalili shi ne, tsiro yana da koren ganye wanda yake haɗa abincinsa da shi daga hasken rana da iska da ruwa. Su kuwa ba su da wannan baiwa, dole ne su ci abin da wani ya riga ya haɗa, kamar yadda dabba take yi.

Abin da ido ke gani a jikin ɓawo ba shi ne ainihin jikin wannan halitta ba, matsayinsa ɗaya da na 'ya'ya a jikin bishiya. Ainihin jikin yana can cikin itacen, waɗansu zarurruka ne farare, sirara ƙwarai, waɗanda ba a ganin guda ɗaya daga cikinsu sai da madubin ƙara girma. Suna kutsawa cikin ƙofofin itace, suna rassa, suna sarƙewa da juna kamar saƙar gizo-gizo. Ba su da baki, ba su da ciki. A bakin kowane zare ake fitar da waɗansu sinadarai masu narkar da itace, sa'an nan zaren ya tsotse abin da ya narke. Watau dai a waje suke narkar da abinci kafin su sha.

Idan saƙar ta ƙoshi, aka kuma sami laima da haske, sai waɗansu zarurruka su ɓullo waje su dunƙule su zama ɗan maficin nan. Fitowa daga jiƙaƙƙen itace zuwa cikin iska ba ƙaramin aiki ba ne ga abu mai sirantaka irin wannan, domin fuskar ruwa tana da wani ɗan ƙarfi da ke riƙe shi, irin wanda ke sa ƙananan ƙwari su yi tafiya a kan tafki ba su nutse ba. Masana a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, a ƙarƙashin Shaihun Malami Joseph Wessels, sun gano a jikin wannan halitta wani sinadari da ke raunana ƙarfin fuskar ruwa har zaren ya huda ta, sa'an nan ya lulluɓe zaren da wata 'yar riga wadda ruwa ba ya kama ta. A cikin 1991 aka ba irin waɗannan sinadarai sunan haidurofobin, daga baya kuma aka tarar cewa galibin dangin funfuna masu zare suna da su.

Yadda yake jure fari

Laimar kwaɗi takan fito da safe, kafin kwana biyu ko uku ta yi yaushi ta narke. Tsagaggen ganye ba haka yake ba, a nan ne kuma amfanin tsagar nan ya bayyana. A jikin layukan cikinsa ake yin ƙwayoyin iri, waɗanda suka fi ƙura laushi, iska ce kuma ke kwashe su ta kai nesa. Idan rana ta buɗe, iska ta bushe, sai gefe biyu na kowane layi su nannaɗe su rufe wurin da ake yin irin, ɗan maficin kuma ya ƙanƙance ya taurare kamar busasshiyar fata. Mai kallo sai ya ce ya mutu. Amma da ruwa ya taɓa shi sai ya miƙe, layukan su buɗe, cikin 'yan sa'o'i ya ci gaba da zubar da iri. Yana iya yin haka sau da yawa, ya rufe ya buɗe gwargwadon yadda sama ta yi.

Wanda ya fara bayyana wannan dabara filla-filla shi ne Reginald Buller, mutumin Ingila, wanda ya zama shaihun malamin ilmin tsirrai a Jami'ar Manitoba ta ƙasar Kanada tun daga 1904. Ya yi bayaninta a littafinsa na farko na bincike a kan wannan dangi, wanda ya fito a 1909. Bai tsaya nan ba, ya busar da waɗansu ya zuba cikin ƙananan kwalabe, ya zuƙe iskar ciki, ya toshe. Buller ya rasu a 1944. A shekarar da ta biyo baya wani abokin aikinsa, Guy Bisby, ya ba da labarin cewa an buɗe daga cikin kwalaben nan an jiƙa abin da ke ciki, sai ga shi ya farfaɗo ya zubar da iri mai rai, bayan ya shafe sama da shekara 30 a bushe.

Wannan juriya ita ce ta ba shi wurin zama inda 'yan uwansa ba su iyawa. Reshen da ya karye ya rataye, ko gungumen da ke kwance a fili rana tana dukansa, yau a jiƙe gobe a bushe, wuri ne mai wuyar sha'ani ga galibin masu ruɓar da itace. Shi kuwa nan ne gidansa. A ƙasa irin Nijeriya, inda damina da rani suke karɓa-karɓa, hunturu kuma ya zo ya busar da kome, halittar da ta iya barci ta farka ba ƙaramar riba take da ita ba.

Jinsi dubu ashirin da uku

Abin da ya fi jawo masa suna a wurin masana shi ne sha'anin aurensa. Idan ƙwayar iri ta faɗa kan itace ta tsira, saƙar da za ta yi a bisa al'ada ba ta haihuwa sai ta gamu da wata saƙar da ta dace da ita, sun haɗe. A wajen 1920 wani Bajamushe mai suna Hans Kniep ya gano cewa a nan babu zancen namiji da mace. 'Ya'yan uwa ɗaya sukan kasu gida huɗu, kowane gida kuma da gida ɗaya tak yake iya haɗuwa.

Daga baya John Raper na Jami'ar Harvard ta Amurka, tare da matarsa Carlene Raper da almajiransa, suka ɗauki wannan aiki suka zurfafa shi. A cikin shekarun 1950 Raper ya sa aka tattaro masa samfuri daga sassa daban-daban na duniya, ya riƙa haɗa su biyu-biyu, ya tarar cewa na wata nahiya yana haɗuwa da na wata nahiya, alamar cewa iri ɗaya ne ya game duniya. Abin da binciken ya tabbatar shi ne, kowace saƙa tana ɗauke da tambari biyu a cikin ƙwayoyin gadonta. An ƙiyasta cewa tambarin farko yana da iri 288, na biyu kuma iri 81. Idan aka yi 288 sau 81 sai a sami 23,328, wannan kuwa shi ne adadin jinsin da ake cewa yana da shi. Sharaɗin aure ɗaya ne: dole ne tambarin biyu duka su bambanta da na abokin haɗuwa.

Hikimar wannan tsari a fili take. Idan saƙa ta gamu da baƙuwa wadda iska ta kawo daga nesa, a cikin gamuwa 100 kimanin 98 za su dace. Idan kuwa 'yar uwarta ce ta ciki ɗaya, sau ɗaya ne cikin huɗu za a dace. Ta haka ake rage auren zumunci, ake kuma samun garwayar iri, wadda ke sa zuriya ta iya rayuwa a kan itatuwa iri-iri da yanayi iri-iri. An lissafa dangogin itatuwa aƙalla 150 da aka same shi a kansu. A ƙasar Ailan ma an same shi yana huda ledar da manoma ke naɗe ciyawar shanu da ita, yana fitowa.

Aikinsa a daji

Bishiya takan shafe shekaru tana tara abu biyu a jikinta. Na farko kabon ne, wanda take zuƙa daga iska, shi ne kuma kimanin rabin nauyin busasshen itace. Na biyu kuma gishirin ƙasa ne iri-iri da saiwoyinta ke jawowa. Ranar da ta faɗi, duk wannan dukiya a kulle take. Itace haɗi ne na zarurrukan selulos da waɗansu makamantansa, waɗanda asalinsu sukari ne, da kuma wani abu mai tauri da ake kira liginin, wanda ya ɗaure su tamkar yadda siminti ke ɗaure rodi. Halittun da ke iya kwance wannan ɗauri kaɗan ne, mafi ƙwarewa a cikinsu kuwa dangin laimar kwaɗi ne.

Masana sun daɗe suna raba masu ruɓar da itace gida biyu. Akwai masu farin ruɓa, waɗanda ke cinye liginin har itacen ya yi fari ya yi laushi kamar soso. Akwai kuma masu jan ruɓa, waɗanda ke cinye selulos su bar liginin, itacen ya yi ja ya farfashe gutsi-gutsi. Da can cikin masu farin ruɓa ake sa tsagaggen ganye. Amma a 2010, sa'ad da wata ƙungiyar masana, ciki har da na Jami'ar Utrecht ta Holan, ta karanta ƙwayoyin gadonsa duka, wajen 13,000, sai aka tarar ba shi da manyan sinadaran da sauran ke farfasa liginin da su, alhali kuwa yana da tarin masu narkar da selulos da danginsa. Ashe ba gwanin cin itace mai tauri ba ne. Gwanintarsa ita ce sammako.

Shi ne ke cikin na farko da ke sauka a kan sabon gungume, tun ɓawo bai saki ba. Yana cin abin da ke cikin ɓawo da farin itacen da ke bayansa, yana buɗe ƙofofi, ruwa ya sami hanyar shiga ya zauna. Ƙwari kuma sukan zo su ci saƙar da 'ya'yanta, su yi ƙwai, tsutsotsinsu su huda ramuka. Itace ba shi da sinadarin naitirojin sai ɗan kaɗan, saboda haka tsutsa takan fi samun abin gina jiki a itacen da saƙa ta riga ta ratsa, domin saƙar tana tattara ɗan abin da ke akwai a jikinta. Tsuntsaye da ƙadangaru su kuma su biyo tsutsotsin. Bayan nan sai manyan masu ruɓarwa su iso, irin masu faɗin nan masu tauri da akan gani kamar faranti a gindin tsohon kututture, su ture na farko, su shiga tsakiyar itacen. A ƙarshe gungumen da gatari ke tsalle a kansa ya koma baƙar ƙasa mai laushi, wadda ke riƙe ruwa kamar soso, inda 'ya'yan itatuwa ke faɗawa su tsira.

Girman wannan aiki ya wuce yadda ake zato. An ƙiyasta cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na kabon da ke dazukan duniya a cikin mataccen itace yake. A 2021 mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a wurare 55 cikin nahiyoyi 6, inda aka ajiye itatuwa sama da iri 140 aka riƙa auna yadda suke ruɓewa. Masu binciken sun ƙiyasta cewa mataccen itace yana sakin kabon kusan tan miliyan dubu 11 kowace shekara, kashi 93 cikin 100 kuma daga dazukan ƙasashe masu zafi yake fitowa. Wannan ba ɓarna ba ce, kewayawa ce: abin da matacciyar bishiya ta saki, mai rai ce ke sake zuƙarsa, muddin dajin yana nan tsaye.

Gara da kwal

A dazukan savana na Nijeriya akwai wani babban abokin aiki, watau gara. Wani masani mai suna Mark Collins ya yi bincike a kusa da Mokwa ta Jihar Neja, ya buga sakamakonsa a 1981, inda ya nuna cewa gara tana kwashe kimanin kashi 60 cikin 100 na itacen da ke faɗuwa a shekara a wannan daji. Abin sha'awa kuwa shi ne, garar da ke gina manyan surai ita ma ba da ƙarfinta kaɗai take narkar da itacen ba. A cikin suri tana da lambu inda take noma wata irin funfuna, ta tauna itace ta kai mata, ita kuma ta narkar, sa'an nan garar ta ci. Ke nan ko ta hannun gara aka bi, ƙarshen aikin yana komawa ga dangin nan.

Har ma an yi muhawara a kan ko rashin wannan dangi ne ya haifar da kwal. A 2012 waɗansu masana suka kwatanta ƙwayoyin gadon iri 31 na wannan dangi, suka ce masu farin ruɓa sun bayyana ne kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce, daidai lokacin da zamanin tara kwal mafi girma a tarihin duniya ya zo ƙarshe. A ganinsu, kafin nan itace tarawa yake yi ba mai cinsa sosai, har ƙasa ta binne shi ya zama kwal. A 2016 waɗansu masana na Jami'ar Stanford suka musanta, suka ce fadamu masu faɗi da nutsewar ƙasa su ne dalili, domin itacen da ruwa ya rufe ba ya samun iskar da masu ruɓarwa ke bukata. Kwal ɗin Inugu, wanda aka gano a Udi a 1909, yana ƙarfafa wannan gani na biyu, domin shekarunsa wajen miliyan 70 ne, watau ya taru ne bayan masu ruɓarwa sun daɗe da bayyana.

Amfani da illa

Littattafan Turai sukan ce tsagaggen ganye ba ya ciwuwa saboda taurinsa. Amma a kudancin Meziko ana sayar da shi a kasuwa, a jihar Manifur ta Indiya ana kiransa kanglayen ana kuma miya da shi, haka nan a Malesiya da Tailan da Kwango. Taurin da Bature ya raina shi ne amfaninsa a ƙasa mai zafi, domin ba ya saurin lalacewa, ana kuma iya busar da shi a ajiye. Duk da haka ya kamata mai karatu ya kiyaye, a cikin wannan dangi akwai masu dafi da ke kisa, bai kuwa kamata kowa ya ci abin da ya tsinta a daji ba sai wanda ya san shi sarai ya tabbatar masa.

A ƙasar Japan an fitar da wani sinadari mai yauƙi daga jikinsa, wanda ake kira sizofiran, a cikin shekarun 1980 kuma hukuma ta amince a yi amfani da shi tare da gashin haske wajen jinyar ciwon dajin bakin mahaifa. Taimako yake yi wa jinyar asibiti, ba ya maye gurbinta. Wannan yauƙi dai shi ne kamfanin mai na Wintershall ya gwada a filin mai na Bockstedt a Jamus cikin shekarun 2010, inda aka kaurara ruwa da shi aka tura ƙarƙashin ƙasa don ya koro man da ya maƙale a cikin duwatsu.

Yana da nasa laifin kuma. Ba ya kama lafiyayyar bishiya, amma idan fari ko zafin rana ko wuta ko sara sun yi mata rauni, yakan shiga ta wurin raunin ya ruɓar da farin itacen. Masu gonakin 'ya'yan itatuwa sun san shi da wannan, haka ma masu noman rake. Ganinsa a jikin bishiya mai rai alama ce cewa ta riga ta sha wuya. Yana kuma ɓata katakon da aka yanka aka bari a fili ruwa yana duka. Jifa-jifa yakan kama ɗan Adam: a 1950 aka fara ba da labarin samunsa a farcen wani majinyaci, daga baya kuma an same shi a kogon hanci da huhun waɗansu. Abin ba ya faruwa sai nadiran, amma ya isa dalilin da zai hana mutum kai shi hanci yana shinshina.

Dajin da aka share

Ƙasashen arewacin Turai sun koyi darasi mai tsada a kan mataccen itace. Shekara da shekaru ma'aikatan gandun daji a can suna ganin gungumen da ke kwance ƙazanta ne da asara, suna kwashe shi. Daga baya bincike a ƙasar Finlan ya nuna cewa halittu iri 4,000 zuwa 5,000, watau kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na duk masu zama a dazukan ƙasar, da mataccen itace suka dogara, kuma da yawa daga cikinsu sun yi ƙaranci a dazukan da aka share. Yanzu a can da gangan akan bar waɗansu gungume da kututturai a wurin da aka yi sara.

A Nijeriya ba tsabta ce ke kwashe itacen ba, bukata ce. Miliyoyin gidaje da itace da gawayi suke girki, ba kuwa wanda zai ga laifin matar da ta tsinci ƙirare don ta dafa wa 'ya'yanta abinci. Amma tsintar ƙirare daban, lodin manyan motoci na itace da buhunan gawayi daban. Ga kuma ƙunar daji da ake yi kowane rani don farauta ko sharar gona. Wuta takan cinye cikin sa'a guda abin da masu ruɓarwa za su shekara suna mayarwa ƙasa sannu a hankali. Tokar da ta bari tana da ɗan amfani, amma naitirojin yakan bi hayaƙi, iskar hunturu da ruwan farko kuma su kwashe da yawa daga abin da ya rage. A dazuka da yawa na ƙasashe masu zafi, babban rabo na abincin tsiro a jikin itatuwa da ganyen da ya zuba yake, ba cikin ƙasa ba. Shi ya sa gonar da aka sara a kurmi takan yi kyau shekara biyu ko uku, sa'an nan ta gaji.

Wuraren da har yanzu ake iya ganin wannan kewayawa cikakkiya su ne dazukan da doka ta kare, irin su gandun Omo a Jihar Ogun, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin keɓaɓɓun wurarenta a 1977, da Okomu a Jihar Edo, da gandun Kuros Riba, da Gashaka-Gumti da ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Tsaron irin waɗannan wurare bai kamata ya tsaya ga itatuwan da ke tsaye da namun daji ba, na kwance ma yana cikin amanar. Manomi kuma yana da abin yi a gonarsa: ya bar waɗansu rassa da kututturai a kan iyaka su ruɓe, ya tara karmami ya rufe ƙasa da shi maimakon ya cinna masa wuta, in ya yi wa bishiyar amfani aski kuma ya yanke reshe sumul, kada ya bar tsaga. Masu gangamin dashen itatuwa kowace damina su ma ya kamata su tuna cewa dashe ba ya kama ƙasar da ba ta da taki.

Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya. Ɗan maficin nan da ke liƙe a jikin itacen girki, wanda wuƙa ke kankarewa cikin ƙiftawar ido, ya iya barcin shekara 30 ya farka, yana da jinsi sama da 23,000, shi ne kuma ke buɗe ƙofar da bishiyar jiya ke bi ta koma ƙasa ta ciyar da ta gobe. Ba ya neman a shuka shi ko a ba shi ruwa. Abin da yake bukata kurum shi ne a bar masa gungume ɗaya a kwance.